Ina dutsin? Sharhi a kan hotunan Adar da tsohon gilashi

Wani yayi ya shigo wa samarinmu masu ɗaukar hoto, kuma gara a yi maganarsa tun bai zama al'ada ba. Mutum zai samu kyamara ta zamani, yawanci ta gwanjo, ya kwance gilashin da ta zo da shi, ya ɗaura mata wani tsohon gilashi na ƙarfe wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Gilashin nan, wanda ƴan lakwal ke ce wa objektif, ba ya saita kansa. Da hannu ake murza shi har abin da ake so ya fito tar. Ni ban ƙi yayin ba. Abin da nake ja da shi shi ne dalilin da ya sa ake son gilashin, da kuma abin da yake shafewa daga hotunan ƙasarmu idan an yi aiki da shi yadda intanet ta koyar.

Hotunan da zan yi sharhi a kansu na wani ɗan ƙungiyarmu ne, ɗan Buza, wanda ya zagaya Madawa da Buza da Keita a hutun Disamba, ya dawo ya nuna mana guda ashirin da huɗu. Ya yarda in yi magana a kansu, ya ce dai kada in kama suna. Ba mu sa su cikin wannan ɗan littafi ba saboda kun san halin fotokofi: ko hoton amarya ta samu sai ta maida shi gawayi. Don haka sai ku yi haƙuri da baki.

Gilashin da zobensa

Gilashin da ya yi aiki da shi Helios-44-2 ne, mai milimita 58, wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/2. Ƙirar Tarayyar Sobiyat ce, an kwaikwayo ta daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus na shekarun 1930, aka yi ta bugawa miliyoyi ana haɗa ta da kyamarar Zenit. Yawansa ne ya sa yake da araha. Abokinmu ya ce jikka ashirin da biyar ya biya wajen wani ɗan gwanjo a Yamai, da zoben haɗi duka. Sabon gilashi mai buɗewa haka, ɗalibi mai jiran burs ba ya ko tambayar kuɗinsa.

Yadda tsoho ke zama a jikin sabuwa kuwa lissafi ne. Kowace kyamara tana da tazarar da aka ƙayyade tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da wurin da haske ke sauka. Gilasan da ake murɗawa kamar murfin kwalba, masu suna M42, an yi su don tazarar milimita 45,46. Kyamarar Canon mai bakin EF tazararta 44 ce, saboda haka zobe siriri mai kauri kusan milimita ɗaya da rabi ya isa ya cike giɓin. Nikon mai bakin F tata 46,5 ce, ta zarce, shi ya sa idan ka ɗaura mata Helios da zobe kawai abin nesa ba zai taɓa fitowa garau ba. Sababbin kyamarori marasa madubi, kamar Sony mai tazarar milimita 18, su kam kusan kowane tsohon gilashi suna karɓa. Wannan ne ya tayar da gilasan kakanni daga akwati a duniya baki ɗaya.

Abin da ya sa aka fi rububin Helios shi ne aibinsa. Idan an buɗe shi duka, tsakiyar hoto ne kawai ke fitowa tar, abin da ke baya kuma sai ya narke yana juyawa kamar ana dama fura. Ƴan intanet suna kiran dishi-dishin baya da wata kalmar Japananci, bokeh. Mu ba mu rasa kalma ba: dishi-dishi, bishi-bishi, hazo-hazo. Ku lura dai, a Hausa duk kalmomin nan na ƙorafi ne. Mai ciwon ido ne ke gani dishi-dishi. Yau kuma ga shi mun wayi gari ana biyan kuɗi don a same shi.

Hotuna huɗu

Na farko daga Madawa ne: hannuwan wata mai saƙar tabarma. Yatsunta da zaren kabar da ta rina ja da kore sun fito raɗau, har ana ganin inda kaba ta yanke ta a ɗan ali ta warke. Fuskarta ba ta cikin hoton, tsakar gida kuma ta narke. A nan ba ni da ta cewa sai yabo. Hoton maganar hannu yake yi, kuma ya faɗe ta. Duk wanda ya taɓa taya tabarmar Madawa a kasuwa yana neman ragi, ya kamata ya ga yatsun nan. A tazarar mita biyu, da f/2, a irin kyamararsa, abin da ke fitowa tar bai wuce faɗin tafin hannu ba, wajen santimita 9. Saita wannan da hannu a kan yatsun da ke motsi ba wasa ba ne.

Na biyu shi ne wanda ya fi samun yabo a Facebook: wani saurayi da farar riga, tsaye a kwarin Majiya, bayansa wani kore yana juyawa kamar guguwa. Kyakkyawa ne, ban musa ba. Amma da na tambayi mutum biyar a cikinmu ina aka ɗauke shi, ɗaya ya ce bakin kogi a Yamai, ɗaya ya ce ai kamar ba Nijar ba. Wannan na biyun yabo yake nufi. To ga abin da koren nan yake. Layukan dogon yaro ne da aka fara dasawa a 1975, aikin ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoman kwarin, layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, don su tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shukar hatsi. Masana daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna su, sun rubuta littattafai. Abin da ya bambanta itatuwan nan da kowane kurmi shi ne jeruwarsu, domin jeruwar ce ke shaida cewa hannu ne ya dasa su. Gilashin kuwa jeruwar ya fara cinyewa. Ya bar mana launi, ya tafi da aikin.

Na uku ya fi taɓa ni. Wata tsohuwa ce a wani ƙauye na Keita, ɗaya daga cikin matan da suka yi aikin Furoje Keita. An fara aikin nan a 1984, a tsakiyar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne suka fi yawa a wurin: su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Abokinmu ya tsayar da ita a gaban ɗaya daga cikin tsaunukan nan. Fuskarta ta fito da kowane layi na shekarunta. Bayanta kuwa wani ruwan ƙasa-ƙasa ne gauraye da kore, ba ka ce ga dutse ga itace ba.

Shi da bakinsa ya ba mu labarin abin da ta ce da ya nuna mata a bayan kyamara. Ta duba ta ce: "Ɗana, ni dai na gane ni. To ina dutsin da munka yi aiki?" Ya ce mata: "Inna, ai ke nike son a gani." Ta ce: "Ni ai kowa ya san ni." Ya faɗa mana wannan yana dariya, a matsayin labarin tsofaffi da ba su san hoto ba. Ni kuwa ina ganin duk cikinmu babu wanda ya yi wa hoton sharhin da ya kai nata.

Na huɗu shi ne wanda bai so ya nuna ba, wai ba shi da armashi. Garkar albasa ce a kwarin Tarka, kusa da Madawa, da tsakar rana. Kyamararsa ba ta ƙiftawa da sauri fiye da kashi ɗaya cikin 4000 na daƙiƙa, kuma a ranar Adar wannan bai isa ba idan gilashi na buɗe a f/2. Hoton sai ya ƙone fari fat. Dole ta sa ya tsuke ƙofar zuwa f/8, ya ja baya wajen mita goma. Sai ga yarinya tana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ga fangalai a jere, ga injin ban-ruwa da tiyonsa, ga wani dattijo can yana duƙe, kowa a wurinsa. Idonka zai fara sauka a kan yarinyar, daga nan ya bi ruwan. A ganina wannan ya fi sauran ashirin da ukun, kuma rana ce ta tilasta shi.

Abin da nahawu ya sani

A ajinmu na kimiyyar harshe akwai darasin da ake kira focalisation da Faransanci, wato fifita wani yanki na jimla. Asalin kalmar ɗaya ne da wadda Turawa ke amfani da ita wajen saitin gilashi, daga Latin, inda ma'anarta ta farko murhu ce, wurin da wuta ke taruwa. Hausa tana daga cikin harsunan da wannan abu ya fito fili a cikinsu, har Melanie Green ta rubuta littafi guda a kansa a 2007. Ku duba:

Mata sun jera duwatsu.
Mata ne suka jera duwatsu.
Duwatsu ne mata suka jera.

Labarin ɗaya ne, amma kowace jimla da tambayar da take amsawa. Ta farko tana ba da labari. Ta biyu tana amsa "su wa?", ta uku tana amsa "me?". A bakin mutanenmu na Adar, wanda Bernard Caron ya yi wa littafi a 1991, "na" da "ta" ne ke zama a gurbin "ne" da "ce", "sunka" kuma a gurbin "suka", amma dokar ba ta sāke ba. Gurbin fifiko guda ɗaya ne a gaban jimla, kamar yadda gilashi ke da tazara guda ɗaya da yake saitawa a kai.

Ga inda nake so ku tsaya. Idan Bahaushe ya fifita "mata", sauran jimlar ba ta ɓacewa. Tana sauya kama, "sun" ya koma "suka", alamar cewa wannan sashe an riga an san shi, ba shi ne sabon labari ba. Amma ana jin sa. Babu mai cewa "mata ne" ya yi shiru, sai fa idan wanda yake magana da shi ya riga ya yi tambayar. Hoton tsohuwar Keita "mata ne" ya ce, ya yi shiru. Ya ɗauka mai kallo ya san duwatsun. To wa ya sani? Ɗan Yamai bai sani ba. Baturen da zai gani a intanet bai sani ba. Ƙannenmu ma da aka haifa bayan 2000 a Keita, da yawansu sun taso sun tarar da itatuwan ne, suna tsammani haka Allah ya ajiye su.

Wannan shirun kuma ba sabo ba ne a wurinmu. Hotunan Nijar da suka zagaya duniya a yunwar 2005, daga Maraɗi da Tawa, yawancinsu tsarinsu ɗaya: fuskar yaro tar, haƙarƙari, hannun uwa, bayansu dishi-dishi. Ba gona, ba rumbu, ba kasuwar da hatsi ke jibge amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Mutum ba tare da wuri ba, don tausayi ya yi saurin kamawa. A ɗaya gefen kuma ga hotunan rahotannin furoje: an hau tudu an ɗauko tsauni duka da ramukansa, mata kuwa ɗigo-ɗigo kamar tururuwa. Wuri ba tare da mutum ba, don mai ba da kuɗi ya ga kadada nawa aka gyara. Tsakanin biyun nan aka daɗe ana raba Adar. Abin takaici ne a ce yanzu da kyamara ta zo hannun ɗan Adar, sai ya ɗauki salon farko ya ƙara masa kwalliya.

Hujjar masu dishi-dishi

Abokinmu yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce mutane suna so su yi kyau a hoto. Amarya ba ta biya ka don ka nuna ledar da ta maƙale a ƙaya bayanta ba, ko katangar da damina ta cinye. Narkar da baya, in ji shi, rufin asiri ne. Baƙi sun daɗe suna ɗaukar talaucinmu, shi mutuncinmu yake ɗauka.

Na yarda da rabin wannan. A hoton biki, ko na wanda zai aika wa masoyiyarsa, kowa yana da ikon zaɓen abin da za a gani. Amma mu tuna yadda manyan masu hoton yankinmu suka warware matsalar. Seydou Keïta na Bamako, wanda sunansa kawai ya yi kama da na garinmu, ya buɗe shagonsa a 1948. Ku nemi hotunansa ku gani: bayan mutum zane ne mai fure ko labule mai ado, a fili tar, kuma ga rediyo, ga agogo, ga babur, ga mota, abin da mai hoton ya zaɓa a gan shi da shi. Haka shagunan hoto na garuruwanmu suka yi da labulensu mai zanen jirgin sama ko na masallaci. Wanda ake ɗauka ne yake zaɓen bayansa. A salon dishi-dishi kuwa mai kyamara ne ke yanke hukunci shi kaɗai cewa wurinka bai cancanci a gani ba. Tsohuwar Keita ta zaɓi bayanta, ita ta kai shi gindin dutsen. Shi ya soke zaɓin.

Wannan ma ya rushe wata magana da ake yi, wai tsohon gilashi yana ba da hoto irin na da. Na wane da? Ku buɗe akwatin iyayenku. Hotunan aurensu da na katin ɗan ƙasa da na ranar Salla, mai hoto ya tsuke gilashi ne don kowa ya fito, domin fim kuɗi ne, kuma idan fuskar kawu ta yi dishi-dishi ba za a biya ba. Juyin Helios da ake ta yabo, waɗanda suka ƙera shi ba su ɗauke shi abin alfahari ba. Da ɗin da ake sayar mana a bidiyoyin intanet ba namu ba ne. Ga shi kuma yanzu kowace wayar hannu tana ƙirƙirar dishi-dishin nan da lissafi, ba sai da gilashi ba. Idan don shi kaɗai ne, an yi asarar jikka ashirin da biyar.

Amfaninsa na gaskiya

Duk da haka ina ba kowane ɗalibi mai sha'awar hoto shawara ya nemi tsohon gilashi, saboda dalilai uku da ba su shafi ado ba.

Na ɗaya, kyamarar zamani idan ka bar ta, ita ke zaɓe. Tana neman fuska, ko abin da ya fi kusa, ta kama. Kullum "wane ne" take amsawa. Da tsohon gilashi yatsunka ne ke ajiye "ne" ɗin a inda kake so, kuma ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Na biyu, a jikin tsofaffin gilasai akwai wasu ƴan lambobi da aka zana hagu da dama na alamar saiti, waɗanda ke nuna daga ina zuwa ina abu zai fito garau a kowace buɗewa. Gilashin roba da ke zuwa da kyamarorin yanzu ba shi da su. Samu tsohon gilashi mai milimita 28, wanda shi ma araha ne, ka sa shi a f/8, ka saita a mita 5. A irin kyamarar abokinmu, komai daga wajen mita biyu da rabi har ƙarshen gani zai fito. Tsohuwar da dutsenta za su shiga jimla ɗaya. A kula dai, lambobin an lissafa su ne don fim mai faɗi, saboda haka a ƙaramar kyamara sai a ƙara tsukewa mataki guda.

Na uku, jinkiri. Saiti da hannu yana cin lokaci, kuma ba ya yiwuwa a ɓoye. Kafin ka gama murzawa an gan ka, dole ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi ɗan wane ne kai da abin da za ka yi da hoton. Satar hoto tana wuya da gilashin nan. Lokacin gaisuwar nan ne kuma mutum zai gaya maka abin da yake so a gani, in kana da kunnen ji.

Wahalarsa ma a faɗe ta. Duk sanda ka kwance gilashi a cikin hunturu, ƙura ta samu ƙofa, kuma ɗigonta ya fi fitowa daidai a f/8 da f/11 ɗin da nake yabo. Zafin bazara yana narkar da man da ke cikin tsohon gilashi har ya malalo kan ƙofar haske. Madubin leƙe na kyamarorin yanzu ba a yi shi don saitin hannu ba, sai ka koma allon baya ka ƙara girma, a ranar da ba ta bari ka ga allon. Hoto goma za ka ɗauka, uku su fito.

Ga abin da nake roƙon ɗan'uwanmu da duk mai irin gilashinsa. Matan da suka ɗauki duwatsun Keita a 1984, mafi ƙanƙanta a cikinsu yau ta yi jikoki. Waɗanda suka dasa layukan farko na Majiya sun fi su tsufa, da yawa ma sun riga mu gidan gaskiya. Shekarun da suka rage a same su tsaye a gaban aikinsu ƙidayayyu ne. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, a koma ƙauyen nan, a tambayi Inna wane ɓangaren dutsen ne nata, a tsuke gilashi, a ɗauke su tare. A rubuta sunanta da sunan dutsen da shekarar a bayan hoton, a wanke guda a kai mata. Mu kuma masu biro, mu bi shi da rakoda, domin abin da za ta faɗa a gindin dutsen nan, da Adaranci, ba ya cikin kowane rahoto.